Jinyar mai cutar korona a gida: abin da ya kamata kowane iyali ya sani

Jama'a, ko da yake an daina yawan maganarta a kasuwa da fada, cutar korona ba ta tafi ba. Tun da aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da ita a Nijar, a birnin Yamai ranar 19 ga watan Maris na 2020, ta kashe sama da mutum 300 a ƙasarmu, ban da waɗanda ba a yi musu awo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan cutar ranar 5 ga watan Mayu na 2023, amma a ranar ma ta yi gargaɗin cewa ƙwayar tana nan tana yawo, tana kuma sauya kama.

Mafi yawan waɗanda suka kamu suna warkewa a gida ba tare da an kwantar da su a likita ba. Ke nan nauyin jinya a kanmu yake, mu iyalai. Abubuwa biyu ne a gaban mai jinya: ya taimaki maras lafiya ya miƙe, ya kuma hana cutar bin sauran mutanen gida, musamman tsofaffi. Ga yadda ake yi.

A fara da awo

Alamomin korona sun haɗa da masassara, tari, ciwon maƙogwaro, mura, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da kasala. Wasu su daina jin ƙamshi ko ɗanɗanon abinci, wasu su yi zawo. To kun ga, rabin waɗannan alamomi na masassarar cizon sauro ne, sauran rabin kuma kowa na yin su idan hunturu ya busa. Da ido kawai ba wanda zai iya rarrabewa, ko lokotoro ne.

Saboda haka duk wanda jikinsa ya yi zafi, a kai shi CSI mafi kusa, da ƙyalle a hanci da baki. Awon cizon sauro na jinin ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 ne ya fito. Wannan mataki ba a tsallake shi, domin masassarar cizon sauro tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma mutum na iya ɗauke da cututtukan biyu a lokaci guda. Ma'aikacin lafiya ne zai ce wane zai koma gida jinya, wane kuma za a riƙe.

Akwai waɗanda cutar ta fi yi wa illa: wanda ya kai shekara 60, mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, ƙoda ko huhu, mai ƙiba sosai, mace mai ciki, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Irin waɗannan ko da ciwon ya zo musu da sauƙi, a sanar da ma'aikacin lafiya tun ranar farko, a karɓi lambar salularsa.

Ɗakin jinya

Ƙwayar cutar tana fita ne tare da numfashi, tari, atishawa da magana, kuma a ɗakin da yake rufe tana iya daɗewa cikin iska. Maganin wannan shi ne iska ta dinga shiga tana fita. A ware wa maras lafiya ɗaki mai taga, a bar tagar a buɗe, a ɗage labule.

Mun san gidaje da yawa ba su da ɗakin da za a ware. Mutum shida, bakwai a ɗaki ɗaya ba abin mamaki ba ne a garuruwanmu. Idan haka ne, da rana a shimfiɗa masa tabarma a rumfa ko a inuwar tsakar gida, domin waje ya fi kowane ɗaki iska. Da dare a raba shimfiɗa, a bar tazarar aƙalla mita ɗaya, wato babban taki guda, kuma kada kawuna su fuskanci juna. Idan akwai zaure ko ɗakin ƴan uwa a maƙwabta, tsohon gida ne ya kamata a fara matsarwa can, tun da shi ne cutar za ta fi kayarwa. Gidan sauro kuwa a ci gaba da ɗaura shi.

Wani kashedi na lokacin sanyi: kada a shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa don a ɗumama maras lafiya. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe lafiyayye ma a cikin barci, balle mai fama da numfashi. A ƙara masa bargo.

Wa zai yi jinya?

Mutum ɗaya za a zaɓa, mai ƙoshin lafiya, wanda bai tsufa ba, ba ya cikin jerin da muka ambata, kuma zai fi kyau a ce ya yi rigakafi. A al'adarmu kaka ko uwargida ce ke fara zama kusa da maras lafiya. A wannan ciwo a ba su haƙuri, matashi ya karɓi aikin.

Duk lokacin da mai jinya zai kusanci maras lafiya, su biyun su rufe hanci da baki. Takunkumin asibiti da ake saye a farmasi ya fi na yadi kariya. Idan ya jiƙe a canza shi, a cire shi ta igiyar kunne ba tare da taɓa gabansa ba. Na yadi kuma a wanke shi kullum da sabuni a shanya a rana. Ba a sa wa jariri ko ƙaramin yaro takunkumi, haka ma wanda numfashi ke yi wa wuya.

Wanke hannu da ruwa da sabuni wajibi ne kafin ba da abinci, bayan taɓa maras lafiya ko kayansa, da bayan fitowa daga ban-ɗaki. A cuɗa har tsakanin yatsu da bayan hannu, kamar daƙiƙa 40, wani ya zuba ruwa da buta. Kwanon wanke hannu ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki kafin cin tuwo, wannan a ajiye shi gefe.

A ware wa maras lafiya kwanonsa, cokalinsa, kofinsa, butarsa, tawul ɗinsa da dardumarsa. Kada ya sha da modar randa ya mayar, a zuba masa a kofinsa. Ludayin fura da ƴan kofunan shayi da ke zagayawa daga baki zuwa baki, su ma a dakata da su. Ba sai an zubar da kwanon da ya ci abinci ba, wanki da sabuni ya isa.

Majina da kaki a tara su a takarda ko tsumma, a sa a leda a ɗaure, kada a tofar a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Tufafinsa da zanen gado kada a kakkaɓe su, a wanke da ruwan zafi da sabuni, a shanya su bushe sarai. Wuraren da hannu ke yawan taɓawa, irin su mariƙin ƙofa, salula da murfin masai, a goge su kullum. In za a yi amfani da ruwan jabel, a duba ƙarfinsa a jikin kwalba: mai kashi 5 cikin 100, murfi ɗaya a murfi 49 na ruwa; mai digiri 12, murfi ɗaya a kamar murfi 35. Ba a haɗa jabel da wani sinadari, ba a shafa shi a jiki, ba a sha, kuma kada a zuba shi a gorar ruwan sha inda yaro zai ɗauka.

Ci, sha da magani

Masassara tana ƙone ruwan jiki, ga kuma zafin ƙasarmu. A dinga ba maras lafiya ruwa kaɗan-kaɗan ko bai nema ba. Kunu, koko, fura mai tsabta, romo, miyar ganye, ƙwai, lemu, duk abin da ransa ke so a ba shi, ko loma biyu ce, sau da yawa a wuni. Idan fitsarinsa ya ragu ko ya yi ja, ruwa bai ishe shi ba. Mai zawo a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na asibiti, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Don zafin jiki da ciwon kai, parasetamol ya wadatar. Babba yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu ta miligiram 500, a bar awa shida tsakani, kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya, domin fiye da haka yana lalata hanta. A lura, yawancin magungunan mura akwai parasetamol a cikinsu, kada a haɗa biyu. Na yaro kuwa da nauyin jikinsa ake aunawa, ma'aikacin lafiya ne zai faɗa.

Kafso irin su amoksisilin ba sa kashe ƙwayar korona, don ita ba irin ƙwayoyin da suke kashewa ba ce. Kulorokin da aka yi ta rububinsa a 2020, manyan gwaje-gwaje sun nuna ba ya warkar da ita. Dekizametazon yana ceton rai, amma ga wanda ciwo ya tsananta har ana ba shi iskar oksijin a asibiti. Mai ciwo mai sauƙi ya sha shi a gida, zai iya cutar da shi, ya tayar masa da suga. Magungunan da ake talla a faranti cikin rana, a bar wa mai su. Wanda kuma dama yake shan maganin hawan jini, suga, tarin fuka ko sida, ya ci gaba da sha, kada ya tsaya sai da umarnin lokotoro.

Ruwan ɗumi da citta, lemun tsami da zuma yana sanyaya maƙogwaro, ba laifi, sai dai ba a ba jaririn da bai kai shekara ba zuma. Suracen ganye yana iya buɗe hanci na ɗan lokaci, amma ba ya kashe ƙwayar cutar, kuma tukunyar tafasasshen ruwa a ƙarƙashin bargo haɗari ce ga yaro da wanda jiri ke ɗiba.

Mai shayarwa da ta kamu ta ci gaba da ba da nono. Ta wanke hannu, ta rufe hanci da baki, ta shayar. Amfanin nonon uwa ya fi ƙarfin haɗarin.

Alamomin da ba a jira da su

Ga inda ake yawan yin sake. Korona tana iya yin kamar ta lafa, sai ta juyo da ƙarfi wajen kwana na biyar zuwa na goma, lokacin da ƴan gida suka saki jiki. Don haka a dinga duba maras lafiya safe da yamma har mako na biyu ya wuce, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki wuni guda.

A ɗauke shi zuwa likita nan take, ko da tsakar dare ne, idan:

- numfashi yana yi masa wuya, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta;
- babba yana numfashi fiye da sau 30 a minti ɗaya yana kwance;
- ƙirji yana ciwo ko ya yi masa nauyi;
- ya rikice, yana sambatu, ko an kasa tayar da shi daga barci;
- leɓɓansa, harshensa ko faratansa sun sauya launi, sun yi toka-toka ko shuɗi;
- ba ya iya sha, ko fitsari ya ɗauke.

Ga yaro, a ƙirga numfashinsa minti guda cur yana natse. Sau 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, sau 50 daga wata biyu zuwa wata 11, sau 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar, duk alamar haɗari ce. Haka idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga.

Akwai wata ƴar na'ura da ake maƙalawa a ɗan yatsa tana auna oksijin na jini. Wanda ya samu, ga yadda ake karanta ta: daga 94 zuwa ƙasa a kira ma'aikacin lafiya, ƙasa da 90 kuwa sai asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Yatsa mai sanyi ko jan farce yana rikita ta, kuma ga masu baƙar fata irinmu takan nuna lamba sama da ta gaskiya. Don haka idan mutum yana haki, a yarda da abin da ido ya gani ko na'urar ta ce lafiya.

Tun ranar farko a shirya: wace mota ko wane babur zai ɗauke shi, wa ke da lambar direban, ina kuɗin mai. Na ƙauye ya fara da CSI, su za su tura shi asibitin gunduma ko manyan asibitocin Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, inda ake samun oksijin. A hanya a buɗe gilasan mota.

Dubiya da ranar fita

Dubiya hakki ce a tsakaninmu, kuma ba wanda ke son a ce ya kori baƙo. Amma ɗaki cike da ƴan sannu, kowa ya miƙa hannu, haka cutar ke tashi daga gida ɗaya ta shiga goma. Mai son gaisuwa ya buga salula, ko ya tsaya a bakin zaure ya yi addu'a, ko ya aiko da kwanon abinci. Shi ma maras lafiya ya dakata da zuwa kasuwa, masallaci, fada, biki da lakkol har ya warke.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta watan Janairun 2023 ita ce: mai alamomi ya keɓe kwana 10 daga ranar da suka fara, wanda awo ya nuna yana da ita amma ba ya jin komai ya yi kwana biyar. Ana iya fita kafin nan idan awon gaggawa ya nuna ƙwayar ta tafi. Sauran ƴan gida su sa ido a kan jikinsu har mako biyu, wanda ya ji alama ya je awo.

Bayan warkewa wasu kan yi makonni da kasala ko ɗan tari, a koma aiki sannu a hankali. Amma tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama ko zufar dare, a je a auna kaki, don tarin fuka ma haka yake farawa, kuma yana da magani.

Kamuwa da korona ba abin kunya ba ne, kada tsoron bakin mutane ya sa a ɓoye maras lafiya har lokaci ya ƙure. Rigakafin da aka fara yi a Nijar tun watan Maris na 2021 yana rage tsananin ciwon da mutuwa, don haka mai tsoho ko mai ciwon suga a gida ya tambaya a CSI ko lokacin ƙarin allura ya yi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.