Yadda Masana'anta Ke Durƙushewa: Darasi Daga Masaƙun Kakuri

Gabatarwa

Matafiyin da ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudancin birnin, ba zai yi nisa ba sai ya iske kansa a unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa. A wannan yanki ne aka kafa manyan masaƙun da suka sa Kaduna ta zama cibiyar saƙa a Nijeriya. A shekarun 1970 da 1980 injunansu ba sa hutawa dare da rana, ma'aikata na yin karɓa-karɓa kashi uku, wasu na fita wasu na shiga. Amma kafin ƙarshen shekarar 2007, manyan masaƙun nan duk sun rufe ƙofofinsu.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin da ya shekara arba'in yana biyan dubban mutane albashi ba ya wayar gari kawai ya karye. Akwai lissafin da ke bayan kowace karayar jari, kuma lissafi ne da ɗalibin sakandare zai iya yi a bayan littafinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu wannan lissafi, ta hanyar tarihin masaƙun Kaduna.

Mafarin Masaƙun

A shekarar 1957 masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki a Kakuri. Haɗin gwiwa ce tsakanin Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, da kamfanin David Whitehead and Sons na ƙasar Ingila. Akoko ne ta fara saƙawa. Daga nan sai Nortex ta biyo baya a 1962, sai United Nigerian Textiles, wato UNTL, wadda attajirin Hon Kon mai suna Cha Chi Ming ya kafa a 1964, sai kuma Arewa Textiles ta Japanawa a daidai wannan tsakani.

Ba da ka aka zaɓi Kaduna ba. Na farko, ana noman auduga a ƙasashen Zazzau da Katsina da Zamfara, ga kuma gidajen gurza a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. Na biyu, a Kaduna ne layin dogon da ya fito daga Legas ya haɗu da wanda ya fito daga Fatakwal. Na uku, rini da wankin yadi suna shan ruwa mai yawa, ga shi kuwa kogi a kusa. Bugu da ƙari, gwamnati ta ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan yadin waje, daga bisani ma ta hana shigo da shi, don haka kasuwar gida ta zama tasu. Masana'antar ta bunƙasa har ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta ajiye hedikwatarta a Kaduna. Adams Oshiomhole, wanda ya zama babban sakatarenta a 1982, a masaƙar Arewa ya fara aiki.

Lissafin Rayuwar Kamfani

Masana tattalin arziki sun kasa kuɗin da kamfani ke kashewa gida biyu. Kashi na farko shi ne kuɗin dole, wato waɗanda za a biya ko an yi aiki ko ba a yi ba, kamar albashin ma'aikatan dindindin, da kuɗin ruwan bashin banki, da kula da gine-gine. Kashi na biyu shi ne kuɗin sarrafawa, waɗanda ke ƙaruwa gwargwadon yawan kayan da aka yi, kamar auduga da sinadarin rini da wutar lantarki.

Bari mu ƙaddara wata masaƙa don misali kawai. A ce kuɗin dolenta naira miliyan 6 ne a wata. Kowane yadi ɗaya yana cin naira 60 wajen sarrafawa, ana kuma sayar da shi naira 100. Ke nan kowane yadi yana barin rarar naira 40. Idan aka raba miliyan 6 da 40 za a sami 150,000. Wannan adadi shi ne mizanin ba-riba-ba-faɗuwa. Idan masaƙar ta sayar da yadi 300,000 a wata, rararta miliyan 12 ce, a cire kuɗin dole, saura ribar miliyan 6.

To, a ce ɗauke wuta ya sa ba ta iya yin fiye da yadi 120,000 ba. Rarar ta koma miliyan 4 da dubu 800, an faɗi ke nan da miliyan 1 da dubu 200, alhali farashi bai motsa ba. A ce kuma masu masaƙar sun sayi janareta don su kauce wa wannan, sai kuɗin mai ya ɗaga kuɗin sarrafawa zuwa naira 80. Rarar kowane yadi ta dawo 20, mizanin ya tashi zuwa yadi 300,000. Abin da a da yake kawo ribar miliyan 6, yanzu da ƙyar yake mayar da uwar kuɗi. Daga ƙarshe, a ce wani ya shigo da irin wannan yadi daga waje yana sayarwa naira 75. Idan masaƙar ta bi wannan farashi, kowane yadin da ta saƙa asarar naira 5 ne tun kafin a zo maganar albashi. A wannan hali, yawan aiki yawan asara.

Waɗannan matakai uku, wato raguwar aiki da tsadar sarrafawa da karyewar farashi, su ne masaƙun Kakuri suka taka ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwan da Suka Rage Aiki

Kashi na farko na matsalar ya fara ne tun farkon shekarun 1980, lokacin da farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, kuɗin ƙasashen waje suka yi ƙaranci a Nijeriya. Masaƙun sun dogara da waje wajen samun sinadarai da kayan gyaran injuna, har ma da wani kaso na auduga. Injin da aka rasa ɗan ƙarfen gyaransa sai ya tsaya, amma albashin mai kula da shi bai tsaya ba.

Ita ma audugar gida ta sami nata cikas. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da na auduga. Tsarin raba iri da tantance ingancin auduga ya yi rauni, duk da ƙoƙarin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru wajen samar da ingantaccen iri. Wani ƙaramin abu da ya yi babbar ɓarna shi ne zuba auduga a buhunan leda. Silin ledar yana cakuɗuwa da audugar, a kaɗe shi cikin zare, kuma ba ya kama rini kamar auduga. Sai an gama rina yadi sannan a ga fararen zane-zane a jikinsa, darajarsa ta faɗi.

Abubuwan da Suka Ƙara Tsada

A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka karya darajar naira. A 1985 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. A 1987 ta kai kimanin naira 4, a 2001 kuwa ta haura naira 100. Duk abin da masaƙa za ta sayo daga waje, farashinsa ya ninka sau da yawa.

Wannan ya hana sabunta injuna. Kowane inji yana tsufa, shi ya sa kamfani mai tsari ke ware wani abu kowace shekara don sayen magajinsa. Amma kuɗin da aka tara da naira ba su iya sayen injin da ake biya da dala ba. Yayin da masaƙun Asiya suka koma ga injunan da ke harba zare da ƙarfin iska, masu sauri ninkin-ba-ninkin, da yawa daga injunan Kaduna na tsohon yayi ne masu amfani da ƙoshiya.

Sai kuma makamashi. Masaƙa tana buƙatar lantarki don juya injunan kaɗi da saƙa, tana kuma buƙatar tururi don rini da busar da yadi. Da baƙin mai ake hura tukunyar tururi, matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 ita ce mafi kusa wajen samunsa. Da matatar ta riƙa tsayawa a kai a kai, baƙin mai ya yi wuya ya yi tsada. Wutar NEPA kuwa idan ta ɗauke ana tsakar aiki, zaruruwa su tsittsinke, yadin da ke cikin rini ya ɓaci, a ɓata lokaci kafin a sake ɗaurawa.

Abin da Ya Karya Farashi

Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, sannan a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ƙasar Sin ta shiga wannan ƙungiya a 2001, a farkon 2005 kuma aka kawo ƙarshen yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin tufafi tsakanin ƙasashe. Ko da gwamnati ta maido da haramcin a farkon shekarun 2000, 'yan fasa-ƙwauri sun ci gaba da shigo da atamfa ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, wani kason ya biyo ta Jamhuriyar Nijar ya sauka a kasuwar Kantin Kwari ta Kano. Wasu atamfofin ma an kwaikwayi zanen na gida da tambarinsu. Mai saye, wanda shi ma tsadar rayuwa ta matse shi, ba wanda zai ga laifinsa don ya ɗauki mai araha.

Ranar da Kuɗi Suka Ƙare

Asara kaɗai ba ta rufe kamfani nan take. Abin da ke rufe shi shi ne ƙarewar kuɗin juyawa. Masaƙa tana sayen auduga da kaka da tsabar kuɗi, amma sai bayan watanni kuɗin yadin ke dawowa, sau da yawa ma bashi dillalai ke ɗauka. Wannan giɓi da rancen banki ake cike shi, kuma a wasu shekaru na 1990 da farkon 2000 kuɗin ruwa ya haura kashi 20 cikin ɗari. Kamfanin da ke asara yakan ci sabon bashi ya biya tsoho, kuɗin dolensa su ƙaru, mizanin nan da muka lissafa ya ƙara nisa. Daga nan sai albashi ya fara makara, masu kawo kaya su daina ba da bashi, banki ya rufe hannu.

KTL, wadda a lokacin mallakar jihohin Arewa 19 ce, ta tsaya a ƙarshen 2002. Nortex da Finetex da Arewa suka bi sahu cikin 'yan shekaru. UNTL, wadda ta fi su girma, ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, ma'aikata kimanin 4,000 suka rasa aiki. An sake buɗe ta a Disamba 2010 da rance daga asusun naira biliyan 100 da aka ɗora wa Bankin Masana'antu rabawa, sai dai da ma'aikatan da ba su kai na da ba.

A dokance, idan kamfani ya kasa biyan bashi, bankin da ke riƙe da jinginarsa yana iya naɗa mai riƙon kadara, ko kuma Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin a sayar da kadarorin a raba. Masu jingina ne ke gaba, sai basusukan da doka ta fifita irin su albashi da haraji, sai sauran masu bin bashi, masu hannun jari su ne na ƙarshe. Amma tsohon inji ba ya tsada a gwanjo. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru masu yawa suna neman kuɗin sallamarsu, wasu da dama sun rasu ba su karɓa ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta zo da hanyoyin ceto kamfani ta sasantawa da masu binsa bashi kafin a kai ga gwanjo, amma ta iske masaƙun Kakuri sun daɗe da yin shiru.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya a bakin ƙofar masaƙa ba. Albashin ma'aikaci ɗaya shi ne cinikin mai tuwo da hayar mai gida da kuɗin makarantar yara. Manomin audugar Funtuwa da bai taɓa taka Kakuri ba, shi ma ya rasa babban mai saye.

Kammalawa

Ba Kaduna ce farau ba. Masaƙun yankin Lankashaya na Ingila, mahaifar kamfanin da ya taya kafa KTL, su ma sun rufe da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, saboda yadin Indiya da Hon Kon ya fi nasu araha. Darasin ɗaya ne: kariyar gwamnati tana saya wa masana'anta lokaci, amma idan ba a yi amfani da lokacin an rage tsadar sarrafawa ba, ranar da kariyar ta kau za a ga ashe an zo fafe gora ranar tafiya. Haka kuma rancen farfaɗowa ba zai yi tasiri mai ɗorewa ba muddin wuta da auduga da iyakokin ƙasa suna nan yadda suke.

Muna ba malamai shawara su jarraba wannan lissafi a aji. A sa ɗalibai su zaɓi sana'a ɗaya a unguwarsu, ko gidan burodi ko injin niƙa ko shagon tela, su ware kuɗin dole daga kuɗin sarrafawa, su fitar da mizanin ba-riba-ba-faɗuwa. Sannan su ninka kuɗin mai sau biyu, su ga inda mizanin zai koma. Ɗalibin da ya iya wannan, zai gane alamun durƙushewa tun sana'a tana da sauran ƙarfin da za a cece ta.