Allah Ya Manta da Alkawarin Nuhu Ne?

Karatu: Farawa 8:13 zuwa 9:17

 

Yau muna so mu amsa tambayar da wata uwa daga zumuntar mata ta yi mana bayan sujada. Ta ce, "Malam, tun muna yara aka koya mana cewa Allah ya yi wa Nuhu alkawari ba zai ƙara hallaka duniya da ruwa ba. To, ruwan da ya cinye gidana fa?" Muka ce mata, "Mama, tambayarki tana da nauyi. Bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki tare."

Dukanmu mun san abin da take nufi. A daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024, ruwan madatsar Alau ya ɓalle, ya biyo kogin Ngadda ya shigo gari mutane suna barci. Ya shiga Gwange, da babbar kasuwar Monday, da fadar Shehu, da asibitin koyarwa, har da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. An yi asarar rayuka, dubban iyalai kuma suka rasa wurin kwana. Sansanin Bakassi, wanda aka rufe a 2021, sai da aka sake buɗe shi. Wasu daga cikin waɗanda suka koma can, mutanen da suka gudo daga Gwoza da Bama ne a shekarun tashin hankali, suka fara sabon zama, sai ga ruwa. Dattawanmu kuwa suka tuna da ambaliyar 1994. Wanda ya ga wannan da idonsa, idan ya yi tambaya, kada mu ce masa ba shi da bangaskiya.

Na fari, mu san abin da Allah ya faɗa

Sau da yawa muna jin haushin Allah a kan alkawarin da bai yi ba. A Farawa sura 9, abin da Allah ya ɗauka a kansa shi ne ba za a sake yin ruwan tsufana da zai shafe dukan masu rai daga duniya ba. A ƙarshen sura 8 kuma ya ce muddin duniya tana nan, lokacin shuka da na girbi, da sanyi da zafi, da dare da rana, ba za su fasa zuwa ba. Bakan gizo shi ne alamar da ya kafa. Ku lura, ya yi wannan alkawari ne yana sane da cewa zuciyar mutum tana karkata ga mugunta tun yana yaro. Ashe ba kirkinmu ne ya riƙe alkawarin ba, amincin Allah ne. Ya kuma yi shi da dukan 'yan Adam har da dabbobi, saboda haka maƙwabcinmu Musulmi yana cikinsa kamar yadda muke ciki.

Allah bai ce kogi ba zai taɓa cika ya batse ba. Ta bakin annabi Ishaya, a sura 43, ya gaya wa jama'arsa cewa za su bi ta cikin ruwa da wuta, amma zai kasance tare da su. A Yahaya 16 Yesu ya faɗa wa almajiransa a fili cewa za su sha wahala a duniya, ya kuma ƙarfafa su da cewa shi ya riga ya yi nasara da duniya. Ruwan Alau ya janye. Rani ya zo, damina ta sake dawowa, manoma suka sake yin shuka. Abin da aka faɗa wa Nuhu yana nan daram.

Amma waɗanda suka mutu fa? Ba mu da amsar da za ta share hawayen uwa a rana ɗaya. Abin da muke da shi shi ne alkawarin Romawa sura 8, cewa ko mutuwa ba ta isa ta raba mai bi da ƙaunar Allah ba, da kuma kabarin Yesu wanda babu kowa a ciki.

Na biyu, biyayyar Nuhu ta riga alkawarin bakan gizo

Kafin Nuhu ya ga bakan gizo, sai da ya sassaƙa jirgi. Allah ya ba shi awo: tsawo kamu 300, faɗi kamu 50, tsayi kamu 30, hawa uku, a shafe shi da ƙaro ciki da waje. Nuhu bai rage ba, bai ƙara ba. A sura 6 da ta 7 an maimaita mana cewa ya yi duk abin da aka umarce shi. Ibraniyawa sura 11 ta nuna mana cewa ya yi wannan aiki ne tun bai ga abin da aka gargaɗe shi a kai ba.

Akwai wata biyayya ta Nuhu da ba a cika yin wa'azi a kanta ba. An yi ruwa kwana 40, ruwan ya mamaye ƙasa kwana 150. A rana ta fari ga watan fari Nuhu ya buɗe rufin jirgi, ya ga ƙasa tana bushewa. Mutum takwas da dabbobi, wata da watanni a kulle wuri ɗaya, wa ba zai so ya fita ba? Duk da haka bai fita ba sai ran 27 ga wata na biyu, lokacin da Allah ya ce ya fita. Kusan wata biyu yana ganin ƙasa da idonsa yana jira. Da maganar Allah ya shiga, da maganar Allah kuma ya fita. Abin da ya fara yi a waje shi ne gina bagade, tun bai gina wa kansa ɗaki ba.

Haka yake a Ayyukan Manzanni sura 27. Allah ya tabbatar wa Bulus cewa babu ko ɗaya cikin mutum 276 da ke jirgin da zai mutu. Amma da matuƙan jirgin suka so su sulale su gudu, Bulus ya gaya wa jarumin sojan cewa in ba su tsaya a ciki ba, babu tsira. Sojoji suka yanke igiyar ƙaramin kwalekwale. Jirgi ya farfashe, kaya suka tafi, rayuka duka suka kai gaci. Alkawarin Allah bai sa Bulus ya naɗe hannu ba.

Na uku, mene ne biyayyarmu yau?

'Yan'uwa, mun ga biyayya a kwanakin ambaliya. Gidajen da ruwa bai kai ba sun cika da baƙi, ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali biyu ko uku, aka ci tuwo a kwano ɗaya ba a tambayi addinin kowa ba. Kada wannan ya tafi tare da ruwan. Gwauruwar da har yau take zaune a gidan wani, umarnin Ubangiji a kanta bai canza ba.

Mun kuma ga rashin biyayya. Akwai masu karɓar kayan taimako sau biyu da sunan ƙarya, akwai masu ninka kuɗin haya domin sun ga mutane a matse. In kana cikinsu, ɗan'uwa, ka tuba, ka mayar da abin da ba naka ba. Idan kuma aka yi shela a tashi daga bakin kogi, mu tashi. Mai bi ba ya toshe magudanar ruwa da shara sa'an nan ya ce Allah ya kiyaye. Nuhu ya ji gargaɗi, ya ɗauki gatari.

Ke kuma Mama, da dukan waɗanda suka rasa abin da suka tara, Farawa sura 8 ta fara da cewa Allah ya tuna da Nuhu tun yana tsakiyar ruwa. Ya tuna da ke ma. Ki ci gaba da addu'a, kada ki janye daga zumuntar masu bi, ki bar ikkilisiya ta ɗauki kayan nan tare da ke. Ran da kika ga bakan gizo a sararin Maiduguri, ki nuna wa jikokinki, ki gaya musu wanda ya kafa shi.

Mu yi addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai mai aminci ne, maganarka ba ta faɗuwa ƙasa. Ka ta'azantar da masu makoki, ka ba marasa gida wurin zama. Ka gafarta mana inda muka ƙi jin muryarka. Ka ba mu zuciya irin ta Nuhu, mu yi abin da ka ce tun ba mu gani ba, mu kuma jira lokacinka. Ka ba Borno salama. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.