Daga zauren muƙabala zuwa kotun Ƙofar Kudu

Labarin Kano ba baƙo ba ne a Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimun fatake da almajirai ke kai da kawowa tsakanin biranen biyu. Ga yadda wata gardamar malaman can ta ƙare gaban alƙali.

Malam Abduljabbar, ɗan marigayi Shehu Nasiru Kabara, ya daɗe yana sukar waɗansu hadisan Buhari da Muslim, yana cewa suna taɓa darajar Annabi (SAW). Malaman Izala da Tijjaniyya da Ƙadiriyya, waɗanda ba safai suke shan inuwa ɗaya ba, suka haɗa kai suka kai kuka ga hukuma. A cewarsu, munanan kalmomin ba su cikin littattafai, daga bakinsa suka fito.

Cikin Fabrairun 2021 gwamnatin Ganduje ta hana shi wa'azi, ta rufe masallacinsa. Ran 10 ga Yuli aka yi muƙabala. Shugaban zaman, Farfesa Salisu Shehu, ya ce malamin bai amsa tambayoyi ba. Shi kuwa ya ce lokacin da aka ba shi ya yi kaɗan. Mas'alar da ta isa a yi watanni ana buɗe littattafai, yini guda aka ba ta. Kafin mako ya zagayo yana gaban kotun Musulunci ta Ƙofar Kudu.

Wata 17 aka yi ana shari'a, yana ta rabuwa da lauyoyinsa. Ran 15 ga Disamba 2022 alƙali Ibrahim Sarki Yola ya same shi da laifin ɓatanci, ya yanke masa hukuncin rataya, ya ba shi kwana 30 na ɗaukaka ƙara.