Jirgin da ya kife tun bai bar gaɓa ba

Da zarar an ce jirgin ruwa ya nutse, teku da guguwa ne ke faɗo mana a rai. To, a wannan makon za mu leƙa manyan tafkuna biyar na yankin iyakar Amurka da Kanada: Superior, Michigan, Huron, Erie da Ontario. Ruwansu ba gishiri, amma don faɗinsu, wanda ke wannan gaɓa ba ya hango waccan.

A farkon ƙarni na 19 jirage masu aiki da tururi suka fara zirga-zirga a kansu. Ana hura wutar itace ko kwal a ƙarƙashin ƙatuwar tukunyar ruwa, tururin ya motsa injin, injin ya tura jirgin. Na farko a tafkin Erie, mai suna Walk-in-the-Water, ya fara aiki a 1818, bayan shekara uku hadari ya watso shi gaɓa. Waɗanda suka biyo bayansa sun yi ta jigilar mutane da alkama da katako da tama, kuma da yawa sun halaka a hadari ko gobara.

Amma wanda ya fi ba mu mamaki shi ne Eastland. Da safiyar 24 ga Yuli, 1915, ma'aikatan kamfanin Western Electric da iyalansu, kimanin mutum 2,500, suka hau shi a kogin Chicago, za su tsallaka tafkin Michigan yawon shaƙatawa. Babu guguwa, kuma ba a ma kwance igiyoyinsa ba. Sai jirgin ya fara karkata, ya ci gaba da karkata har ya kwanta a gefensa, a ruwan da zurfinsa bai wuce mita 6 ba. Mutum 844 suka rasu, ciki har da iyalai 22 da ba wanda ya tsira a cikinsu.

Me ya jawo haka? Da ma an san Eastland da tangaɗi, domin dogo ne siriri, nauyinsa ya fi yawa a sama. Bayan nutsewar Titanic a 1912, Amurka ta yi dokar ƙara kwale-kwalen ceto a jirage. Aka ƙara wa Eastland nasa, aka jera su a can ƙololuwa. Mun dai ga yadda babbar mota ke yi a kwana idan an yi mata lodi har sama. Garin neman gira aka rasa ido.

Da yawanmu kan hau kwale-kwale a kogin Neja ko Binuwai, zuwa makaranta ko kasuwa. Mu riƙa duba yawan lodin kafin mu shiga, mu sa rigar ceto, mu zauna kada mu miƙe tsaye. In kuma jirgi ya fara karkata, kada mu ruga gefe guda gaba ɗaya.