Maja da 'Yan Uwanta

Yau za mu zauna ne da wata baƙuwar kalma da ta shigo bakinmu ta samu tabarma, wato maja.

Asalinta Turanci ce, merger, kuma siyasa ce ta kawo mana ita. A watan Fabrairun 2013 jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka sanar da cewa za su narke su zama APC, hukumar zaɓe ta INEC kuma ta yi mata rajista ranar 31 ga Yulin shekarar. Kasancewar Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, shi ne jagoran CPC, sai maganar ta zama tamu a Jihar Katsina. A teburin mai shayi a Kusada ko tashar motar Kankiya, tambayar ita ce, "Malam, majar nan za ta yiwu kuwa?" Ba banza ake tambaya ba, domin ƙawancen da CPC da ACN suka nemi ƙullawa a 2011 ya watse ana dab da zaɓe.

To, me ya sa muka ari kalma alhali rumbunmu cike yake? Ku dubi mai fura: ta marmasa curin a ƙwarya, ta zuba nono, ta bi da ludayi har gudajin su mutu. Wannan damu ne. Magini ya jiƙa jar ƙasa, ya watsa ramno, ya shiga da ƙafa yana tattakawa, shi kwaɓi yake yi. Da hunturu uwargida ta surka ruwan wanka, manomi kuma ya gauraya taki da ƙasa. Ba wanda zai ce ya dama ƙasar gini sai dai in yana neman a yi masa dariya.

Kuma tuni kalmomin nan suka bar madafi suka shiga siyasa. Wanda aka ware sai ya ce ba a damawa da shi. In al'amari ya lalace, a ce ta kwaɓe. Tarayyar da ba ta dace ba, haɗin gambiza ke nan.

A ganina maja ta zauna ne saboda tana ɗauke da abin da kalmarmu ta haɗaka ba ta da shi. A haɗaka kowa na riƙe da sunansa, kamar yadda Kankiya da Kusada da Ingawa ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai amma kowace da shugaban ƙaramar hukumarta. A maja kuwa, sai kowa ya miƙa takardar rajistarsa, tuta da alama su tafi. Shi ya sa tun daga 2015 ba ku sake ganin alƙalamin CPC a takardar ƙuri'a ba, sai tsintsiyar APC.