Barorin Ɓoye Da Ke Ɗauke Da Nauyin Kwamfuta

Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta ya buga umurni, amsa ta fito masa nan take, zai ɗauka shi kaɗai na'urar take saurare. Al'amarin kuwa ba haka yake ba. A bayan allon akwai ɗimbin ƙananan ayyuka da ke gudana a ɓoye, kamar barorin babban gida waɗanda baƙo ba ya gani, amma idan suka yi sakaci kowa ya kwana da yunwa. Yadda ake tayar da su, da kula da su, da sallamarsu, batu ne da ya daɗe yana ba masana ciwon kai.

A zamanin da, mai buƙatar kwamfuta kan huda umurninsa a jikin kati, ya kai wa ma'aikata, ya koma ya jira sa'o'i ko kwana guda, kuskuren harafi ɗaya kuma ya isa ya mai da shi farko. A watan Nuwamba na 1961 ne Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna tsarin CTSS, wanda ke raba lokacin na'ura ɗaya tsakanin mutane da dama, kowa yana samun amsa yana zaune. Daga 1963 ma'aikatan wurin suka laƙaba wa ayyukan ɓoye suna dimon, watau wani halitta na ƙirƙira da masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya kwatanta yana ta aiki ba gajiya. Ɗaya daga cikin na farkonsu shi ne mai kwafe fayiloli zuwa faifan ajiya ba tare da an ce masa ba.

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie na ɗakunan binciken Bell suka fara gina tsarin Unix, wanda Linux da macOS suka gaji halayensa. A can aiki yana haifar wani ne ta umurnin fork: uwa ta rabu biyu, ɗan ya fito kamarta sak, da gadon fayilolin da ta buɗe. Sa'an nan ɗan ya sauya kansa zuwa manhajar da ake so, uwar kuwa ko ta jira shi ko ta ci gaba da harkarta.

Haihuwa ba ta da wuya, renon shi ne aiki. Idan uwa ta mutu ta bar ɗa yana gudana, ya zama maraya, sai aiki mai lamba 1, wanda ya fara tashi da aka kunna na'ura, ya karɓi riƙonsa. Idan kuwa ɗan ne ya gama, amma uwar ba ta karɓi rahotonsa ba, sunansa na nan cikin rajista kamar fatalwa. Irin waɗannan in suka yi yawa sai rajistar ta cika, a kasa tayar da sabon aiki. Har ila yau, tun zamanin da ake shiga kwamfuta ta wayar tarho, katsewar layi kan aika wa ayyuka siginar ajiye waya, su mutu. Don haka aka yi umurnin nohup, mai toshe wa aiki kunne daga wannan sigina.

Kamfanin Microsoft ya bi wata hanya dabam. A Windows NT, da ya fito a 1993 ƙarƙashin jagorancin Dave Cutler, manhajoji ba su rabuwa biyu. Ana gina sabon aiki daga tushe da umurnin CreateProcess, a faɗa masa abin da zai gada. Siginonin Unix ma babu irinsu sosai. A Unix ana iya aika sigina ɗaya ga rukunin ayyuka gaba ɗaya, a Windows kuwa sai a 2000 aka kawo hanyar ɗaure ayyuka a dami guda don a iya tsai da su tare. Saboda haka mai rubuta manhajar da za ta yi aiki ko'ina tilas ya san al'adar kowane gida.

Misali mai kyau shi ne Jupyter, littafin lissafi da ɗalibai da masu bincike ke amfani da shi. Fernando Pérez, ɗan ƙasar Kolombiya, ya faro shi da sunan IPython a 2001, aka kafa Jupyter a 2014. Shafin da mutum ke rubutu a kai ba shi ke lissafin ba. Wani aiki ne a ɓoye, da ake kira kanel, watau ƙwaya. Ana tayar da shi da ɗan fayil mai ɗauke da lambobin ƙofofi 5 da za a riƙa magana da shi, ɗaya cikinsu ta bugun zuciya ce, don a san yana raye. In an so katse lissafi, a Unix sigina ake aika masa, a Windows kuwa wata alama ake ɗagawa wadda yake sa wa ido. Shi ma kanel yana duba ko uwarsa na nan, in ta mutu ya bi ta, kada ya zama maraya.

Ita kanta fork tsufa ya fara kama ta. Manhajojin yanzu kan tafiyar da zare da yawa na aiki lokaci guda, fork kuwa zare ɗaya take kwafewa. Idan wani zaren ya kulle wani abu a daidai lokacin rabuwa, ɗan zai tsaya jiran mabuɗin da ba mai kawowa. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu kula da harshen Python suka daina ɗaukarta a matsayin hanyar farko ta sashensu na raba aiki, a macOS a 2019, a Linux kuma a 2025.

Amfanin wannan wahala a fili yake. Da Google ya fitar da Chrome a 2008, ya raba shafuka zuwa ayyuka dabam dabam, don in ɗaya ya faɗi kada ya ja sauran. Amma kowane bara yana cin rabonsa na ma'ajiyar na'ura da na batir. Ɗalibin da ya rufe shafin Jupyter bai tsai da kanel ba, aikin na nan yana ci, abin da ke da muhimmanci a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Kuma duk abin da kanel ya riƙe a ka, in ya mutu ya tafi da shi, sai wanda aka ajiye a fayil. Rigakafi dai ya fi magani: wanda ya tayar da aiki ya ajiye sakamakonsa tun da wuri, ya kuma tabbatar ya sallame shi kafin ya tashi.