Shin Ko Kun San? Daga Dutsen Tozali Zuwa Dish Ɗin Kan Rufi

Shin ko kun san cewa dutsen tozali, wanda iyayenmu mata ke niƙawa su ɗura a tandu, yana cikin kakannin wayar da ke aljihunku? Da yawa daga tozalin gargajiya dutsen da masana ke kira galena ne. A 1874 wani Bajamushe, Ferdinand Braun, ya lura cewa in aka ɗora tsinin waya a kan irin wannan dutse, wutar lantarki takan wuce ta gefe guda salin-alin, ta ɗaya gefen kuwa sai da ƙyar. Irin waɗannan abubuwa su ake kira semikwandakta. Ba sa sakar wa wuta hanya kamar jan ƙarfe, ba sa kuma tare ta gaba ɗaya kamar roba. Tunda zancen ya biyo ta nan: galena dalma ce a cikinsa, shi ya sa likitoci ke hana rambaɗa wa jarirai.

Shin ko kun san girman igiyoyin da ake kira maikurowef? Masu sauraren rediyo sun saba da mita 19, mita 25 da mita 31 a gajeren zango. To, maikurowef daga mita 1 suke farawa, su yi ta ƙanƙancewa har milimita 1. Da su waya ke magana da turakun sadarwa, da su kuma tauraron ɗan Adam ke aiko da hoto.

Wanda ya fara haɗa semikwandakta da maikurowef ba Bature ba ne. Jagadish Chandra Bose, malami a Kalkata ta Indiya, wajen 1895 ya tara jama'a, ya aika igiyoyin suka ratsa bango, suka kaɗa ƙararrawa, suka tayar da albarushi. Ya yi aiki da igiyoyin da tsawonsu bai wuce milimita 5 ba, masu kaɗawa sau biliyan 60 a sakan ɗaya, ya kuma kama su da galena. Shi bai damu da rajistar mallakar ƙirƙira ba, abokai ne suka matsa masa, Amurka ta ba shi takardar a 1904. Daga baya ya koma binciken tsirrai, fagen kuma ya yi shiru na shekaru da dama.

Shin ko kun san Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tashe shi? A 1940 John Randall da Harry Boot na Jami'ar Birmingham a Ingila suka ƙera magnetron, na'ura mai fitar da maikurowef mai ƙarfi don hango jiragen abokan gaba. Aikawa ta samu, saura kama abin da ya dawo. Bawul ɗin gilashi na rediyon wancan zamani ya kasa. Dole aka koma wa tsohuwar dabarar dutse da siririyar waya, wadda Turawa ke yi wa laƙabi da gashin bakin kyanwa, aka shiga tace silikon da jamaniyom ba dare ba rana. Wannan tacewa ce ta share fagen taransista, wadda John Bardeen da Walter Brattain suka fara kunnawa a ɗakin binciken Bell a Disamba 1947. Su da William Shockley suka karɓi kyautar Nobel a 1956.

Irin taransistar da ta cika waya da kwamfuta a yau kuwa, MOSFET, Mohamed Atalla haifaffen Port Said ta Masar ne ya ƙirƙiro ta tare da Dawon Kahng ɗan Koriya a 1959.

Shin ko kun san mitar da mai gyaran rediyo ke dangwalawa ba ta da amfani a wannan fage? Igiyar da ke kaɗawa sau biliyan 10 a sakan tsawonta santimita 3 ne kacal, don haka wayar mitar kanta sai ta zama eriya, ta ɓata awon. Masu aikin sai suka sauya tambaya. Sukan aika igiya cikin abin da ake gwadawa, su duba nawa ta wuce, nawa kuma ta dawo, kamar mai yin kuwwa a bakin rijiya yana sauraren amsa. A da da hannu ake yi: bututun ƙarfe mai tsaga, a riƙa zura tsinke ana matsar da shi kaɗan-kaɗan, ana rubuta inda ƙarfin ya hau da inda ya sauka. A 1939 Phillip Smith ya buga wani zane mai da'irori cikin da'ira wanda ya rage wahalar lissafin. A 1967 kamfanin Hewlett-Packard ya fito da na'urar 8410 mai yin awon nan take, amma har gobe zanen Smith ne ke bayyana a allon irin waɗannan na'urori.

Kafin a auna komai, sai an auna ma'aunin. Akan toshe bakin wayar, a bar shi buɗe, a ɗaura masa nauyin da aka riga aka sani, sannan a haɗa baki da baki. Mahaɗin ma ba a ɗaure shi da ƙarfin tuwo, akwai sifana ta musamman da ke karyewa a gwiwa da zarar ɗaurin ya kai. Mai awon hatsi da ke gardama kan mudu ya sani yana da 'yan uwa a ɗakunan bincike.

Me ya sa wayoyin awo om 50 ne? Sulhu aka yi. Om 30 ya fi ɗaukar ƙarfi, om 77 ya fi rage asara, aka tsaya a tsakani. Wayar talabijin ba ta ɗaukar ƙarfi, shi ya sa take om 75.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne masu taurin kan da suka ƙi yarda wai na'ura ce ta lalace. A 1940 Russell Ohl ya ga wani gutsuren silikon mai tsaga yana ba da wuta in haske ya taɓa shi. A nan aka gano mahaɗar da ke cikin farantin sola. A farkon shekarun 1960 J. B. Gunn na kamfanin IBM ya ga awonsa a kan galiyom asenayid yana rawa. Bai share shi a matsayin hayaniya ba, ya bi diddigi, ashe gutsuren ne da kansa ke haifar da maikurowef. An yi amfani da wannan ƙirƙira tasa a na'urar auna gudun mota da ƙofofi masu buɗe kansu. Arno Penzias da Robert Wilson kuwa, a 1964 wani shuu ya addabi eriyarsu a Holmdel ta Amurka. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kankare, shuu ɗin na nan. Ashe maikurowef ne da ke zuwa daga kowace kusurwa ta sararin samaniya. Nobel ta 1978 ta biyo baya.

Shin ko kun san galiyom na narkewa tun zafi bai cika digiri 30 ba? A bazarar Sakkwato ko Agadas sai dai a ajiye shi a kwalba.

Shin ko kun san sakan ɗin agogonku awon maikurowef ne? Tun 1967 aka amince cewa sakan ɗaya shi ne kaɗawa 9,192,631,770 na igiyar ƙwayar zarrar siziyom.

Ɗan kan da ke gaban dish, wanda masu haɗawa ke kira LNB, yana ɗauke da taransistar HEMT da Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu ya ƙirƙiro wajen 1980. Ƙarancin hayaniyarta na cikin abin da ya sa dish ya ƙanƙance har ya hau rufin talaka. Ɗaukewar hoto lokacin ruwan sama kuma ba laifin mai haɗawa ba ne, ɗigon ruwa ne ke shanye igiyar yana watsa ta. A Burkina Faso masu bincike sun mayar da wannan cikas ma'auni, a 2014 suka wallafa yadda suka ƙiyasta ruwan da ya sauka daga raunin sigina tsakanin turakun waya.

Mai tukunyar ɗumama abinci ta maikurowef zai iya auna gudun haske a kicin. Ku cire farantin da ke juyawa, ku shimfiɗa cakulan mai faɗi, ku kunna na ɗan lokaci. Zai narke tabo-tabo, tsakanin tabo da tabo kusan santimita 6. Ku ninka biyu, sannan ku ninka da biliyan 2.45, adadin kaɗawar da akan rubuta a bayan tukunyar. Amsar za ta faɗo kusa da kilomita 300,000 a sakan. Kada a sa cokali ko wani ƙarfe a ciki, kuma a nemi izinin uwargida tukuna.